Bosomtwe, Yeji ko Ada: Ina Ɗan Zangon Kumasi Zai Je Kamun Kifi?

Tun bayan Babbar Sallah ake wannan gardama a majalisarmu ta ataya da ke unguwar Aboabo a Kumasi. Mu bakwai ne, mun ɗan tara kuɗi a adashi, kuma mun yi alkawari bana ba za a raba su kowa ya zuba nasa a cefane ba. Za mu bar garin nan mu je bakin wani ruwa mu kama kifi da hannunmu. Wurin zuwa ne ya raba kanmu. Wasu suka ce Bosomtwe, tunda ga shi nan kusa da gida. Wani ya ce in ba Yeji ba a cire sunansa. Autan majalisar kuwa, da ya yi shekara biyu yana aiki a Tema, ba shi da zance sai na Ada. Da yake ni na taɓa taka duka ukun, aka ce in yi bayani, na ga gara in rubuta, ko wasu 'yan zango masu irin niyyarmu za su ƙaru.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. In kamun kifi ake nufi da gaske, Yeji ne. Sai dai akwai waɗanda ba zan ba su shawarar zuwa can ba, kuma saboda su ne maganar za ta yi tsawo.

Bosomtwe ba ta da wahalar zuwa ko kaɗan. Kilomita 30 ne da 'yan kai daga Kumasi ta hanyar Kuntanase. Ka sha koko da ƙosai bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi kana Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin. Daga Kuntanase mota takan ɗan hau tudu, sannan ta fara gangara a mummurɗe, kwatsam sai ka hango ruwan can ƙasa, zagayayye kamar an cika ƙwarya, tsaunuka kore shar sun yi masa zobe. Duk wanda na kai karon farko, a wannan kwanar yake yin shiru. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya fafe wannan rami. Faɗin tafkin ya kai kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Shi kaɗai ne tafki na asali a Ghana wanda ba hannun mutum ya tare ba, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Ga Asantawa ruwan nan mai alfarma ne. Suna da labarin maharbin da ya biyo barewa da ya harba har ta shige ruwan ta ɓace, suna kuma cewa rayukan matattunsu kan zo nan su yi ban kwana. Ba aƙidarmu ba ce, amma garin mutane ne, kuma wannan al'ada ita ta tsara yadda ake su a wurin har yau. Masuntan Bosomtwe ba sa shiga kwale-kwale. Abin hawansu wani falankin katako ne mara nauyi da suke kira padua. Na zauna gab da wani dattijo yana shirin fita. Ya tura falankin cikin ruwa, ya hau ya ware ƙafafu kamar mai hawan jaki, ƙafafun na lilo a ruwa, kwando a bayansa, birgi a naɗe a gabansa. Ɓarin ƙwarya biyu ya riƙe, ɗaya a kowane hannu, da su yake tuƙi. Da ya yi nisa ya warware birgin ya wurga yana zaune, ya buɗe ya faɗa ruwa a zagaye, falankin ko girgiza bai yi ba. Da ya dawo na ce masa da Asantanci, "Wofa, in na hau zan iya?" Ya dube ni ya ce, "Ka iya ruwa?" Na ce kaɗan. Ya ce to in bari, shi tun yana ɗan shekara bakwai yake kai.

A nan matsalar Bosomtwe take ga mai son kamu. Kai ɗan kallo ne. Akwai jirgi mai inji da ke zagayawa da baƙi a Abono, amma na shan iska ne. Za ka iya tsayawa a gaɓa ka jefa fatsa, sai dai kifin tafkin ƙananan karfasa ne, mafi yawansu ba su wuce tafin hannu ba, kuma masuntan da kansu suna kukan ya ragu. Daɗi kam yana da daɗi. A soya shi ƙarau a ba ka da dokunu da yaji, har ƙayar za ka tauna. Amma in ka ce ka je kamun kifi Bosomtwe, gaskiyar magana ka je cin kifi ne.

Duk da haka ba na raina ta. Wanda zai tafi da iyali, ko da tsoho mai ciwon gwiwa, ko wanda yini ɗaya tak shago zai iya haƙura da shi, babu inda ya fi masa nan. Ba kuɗin ɗaki, ba kuɗin man jirgi, za a yi la'asar a bakin ruwa a yi isha'i a gida. A guji ranakun hutu irin su Litinin ɗin Ista, domin Abono kan cika maƙil da kiɗa da hayaniya, ko wurin shimfiɗa darduma sai an nema. Ranar aiki a tsakiyar mako ita ce ranar zuwa. Yara kuma a riƙe su da kyau, ruwan yana da saurin zurfi.

Yeji wata duniya ce daban. Tafiyar ta haura kilomita 200: Mampong, Ejura, Atebubu, Prang, sannan hanya ta ƙare a bakin ruwa. Daga Ejura za ka ga kurmi ya fara ja da baya, sarari ya buɗe, gonakin doya da masara sun miƙe, iska ma ta sauya ƙamshi. Mu kan tsaya Prang mu yi sallah, garin da duk ɗan Tijjaniyya a ƙasar nan ya san shi saboda Shehu Abdullahi Maikano. Wannan hanya ba sabuwa ba ce gare mu. Ita kakanninmu fataken Gwanja suka bi da goro daga ƙasar Asante, su haye kogi a Yeji su nufi Salaga. Har yau babban jirgin fito na ɗaukar motoci da mutane daga Yeji zuwa Makango, daga can a kama hanyar Salaga.

Ruwan da ke gabanka a Yeji shi ne tafkin Volta, wanda ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi girman tafkunan da ɗan Adam ya tare a duniya. Mutum wajen 80,000 aka tasa aka zaunar a sababbin garuruwa 52. Tsohon garin Kete Krachi, inda babban malamin nan Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934, yana cikin wuraren da ruwan ya ci. Ni dai ban taɓa shiga jirgi a tafkin nan ba tare da na tuna cewa bisa kufan mutane nake tafiya ba.

Abin da ya sa Yeji ta fi mini sauran shi ne a can ɗan zango ba baƙo ba ne. Hausa ce harshen ciniki a bakin ruwa. Masallaci ba sai ka tambaya ba, abinci ba sai ka yi bincike ba, akwai tuwo, akwai wake da shinkafa, akwai mai shayi. Uwa uba, da wuya ka rasa wanda ya san wani naka, domin kifin banda da ake sayarwa a kasuwannin Kumasi da yawansa daga nan yake fitowa, kuma 'yan'uwanmu na cikin wannan fatauci. Ni kawuna ne mai masaukina, ya daɗe a harkar banda. Daren da na sauka, bayan mun ci abinci, ya ce, "Tashi mu je ka gaida mai jirgi. Ba a shiga jirgin mutum da safe ba a san fuskarsa da dare ba." Mai jirgin mutumin Battor ne, daga cikin Ewe masunta da suka biyo ruwan suka hauro arewa bayan an yi madatsar. Kawu ya ce, "Efo, ga ɗana daga Kumasi. Amana na ba ka." Ya amsa da Hausa tiryan-tiryan, "Alhaji, in Allah ya so yadda na ɗauke shi haka zan dawo maka da shi."

Wannan gaisuwar ita ce rabin tafiyar. A Ada kuɗinka ne ke sama maka jirgi. A Yeji mutuncin wanda ya gabatar da kai ne, shi ya sa mai jirgi zai kai ka inda shi da kansa yake samun kifi, kuma in ya ga sama ta ɓata fuska zai ce a juya ko da ranka bai so ba.

Muka fita ana sallame asuba. Abu na farko da ido zai gani shi ne itatuwa. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya rufe shi, don haka matattun itatuwa na nan tsaye, wasu sun fito fari fat kamar ƙasusuwa, wasu sun ɓuya ɗan taƙi kaɗan ƙarƙashin ruwa. Waɗannan ɓoyayyun su ne suka sha fasa jirage a tafkin nan aka yi asarar rayuka. Ƙanen Efo na tsaye a goshin jirgi da doguwar gora, idonsa a ruwa, in ya ɗaga hannu a rage wuta, in ya nuna dama a karkata. Ba mai magana. Amma kuma gindin waɗannan itatuwa nan ne gidan kifi. Muka fara da jan mamarin da suka shimfiɗa tun jiya, igiya doguwa mai ƙugiyoyi jere. Kana ja kana jin nauyi yana zuwa yana tafiya a tafin hannunka, ba ka san me ke tafe ba sai ya ɓullo. Kurungu ne suka fi yawa, suna fitowa suna wannan gurnanin nasu, ƙayoyi a miƙe. Efo ya nuna mini yadda ake kama shi ta bayan kai, yatsu a tsakanin ƙayoyin, domin sukar kurungu takan hana mutum barci. Akwai tarwaɗa biyu masu kauri kamar damtse.

Bayan nan aka ɗaure jirgi a jikin wani kututture aka ba ni fatsa da tana. Karfasa ta yi ta ci, manya, ba irin na Bosomtwe ba. Can wajen hantsi na sa ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya, ban jima ba wani abu ya fizge igiyar har ta ƙona mini yatsa, ya yi tsalle sama yana walƙiya, sai igiyar ta saki. Da na naɗo ta, a yanke take kamar an sa reza. Efo ya ce tsage ne, haƙoransa ba sa barin zare, sai an ɗaura 'yar waya kafin ƙugiya. Shekara uku ke nan, har yau ina jin wannan fizgar a hannuna, kuma ita ce take mai da ni. Giwan ruwa kuwa, wanda kowa ke mafarki, yana nan a tafkin, amma kada wani ya yi maka alkawarinsa. Masu kwana a ruwa ma sukan daɗe ba su haɗu da babba ba.

Yanzu ga waɗanda na ce kada su je. Wanda bai iya ruwa ba kuma yana jin kunyar sa rigar kariya, ya zauna gida. Ka sayi taka tun daga Kumasi, kada ka dogara za ka samu a can. Wanda zai tafi da ƙananan yara, ya kai su Bosomtwe. Wanda ba shi da kwana uku, kwana ɗaya na zuwa, ɗaya na ruwa, ɗaya na dawowa, wahala kawai zai sha. Masauki a Yeji na talaka ne, sauro kuma ba ya wasa, gidan sauro dole ne. Kada a yi wanka ko a daɗe tsaye a ruwan gaɓa mai ciyayi, saboda tsargiya ta yi katutu a tafkin Volta, kuma ba a ganin alamarta sai bayan makonni. Lokaci ma yana da muhimmanci. Farkon damina, daga Maris zuwa Yuni, iska kan taso ba sallama ta tada igiyar ruwa kamar teku, ga ruwa ya ja baya kututture sun matso sama. Ni na fi son ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya cika, sama ta lafa, sai dai hazo da sanyin safiya.

Akwai kuma abin da ba zan iya haɗiyewa ba. A tafkin nan ana sa yara ƙanana aikin su, har a tura su nutso su kwance taru da ya sarƙe a kututture, wasunsu an kawo su ne daga nesa an raba su da iyayensu. In ka zo shiga jirgi ka ga yaron da ya kamata a ce yana makaranta shi ne mai nutso, ka fasa, ka nemi wani jirgin. Kuɗinka kada ya shiga wannan. Yana daga cikin amfanin mai masauki na gari, ya san wa ke yi, ya san wa ba ya yi.

Ada Foah ita ce inda wannan ruwa na Volta yake ƙarewa, ya faɗa teku. Autanmu bai yi ƙarya ba, wurin yana da kyau ƙwarai. Ka tsaya a kan ɗan siririn yashi, hagunka kogi kwance lumui da tsibirai da itatuwan kwakwa, damanka teku na dukan gaɓa. Ga mai fatsa kuma tana da abin da sauran biyun ba su da shi: a bakin mahaɗar, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, ana samun kifin teku irin su barakuda da jan kifi, masu ƙarfin ja. Ga ƙaguwa, ga jatan lande, ga wata irin katantanwar kogi da ake nutso a ɗebo, a soya a tsire a tsinke. Mu mabiya mazhabar Malikiyya ba mu da damuwa da abin da ya fito daga ruwa. Wanda ya je tsakanin Nuwamba da Fabrairu yana iya dacewa ya ga kunkurun teku sun fito yin ƙwai da dare, ma'aikatan kula da namun daji ne ke raka mutane.

Sai dai a yi lissafi daga Kumasi. Kilomita 250 ne zuwa Akra, a kutsa cunkoson Akra da Tema, a ƙara wasu 100 da ɗoriya ta hanyar Aflao kafin a karya a Kasseh. Yini guda cur ya tafi. Ada kuma wurin shaƙatawar masu hannu da shuni na Akra ne, saboda haka ɗaki da tsada, jirgi ana haya ne da awa, mai jirgi na kallon agogo kana kallon fatsa. Ƙarshen mako masaukai da yawa na bakin kogi kiɗa ne da giya har dare, wanda bai dace da irin tafiyarmu ba. Makon farko na Agusta bikin gargajiyar mutanen Ada ne, Asafotufiami, ko ɗaki ba za a samu ba. Mai son shiga teku sosai ya sani cewa a mafi yawan gaɓar Ghana masunta ba sa fita ranar Talata, gwamnati kuma takan rufe kamun teku na wani lokaci a wajejen Yuli da Agusta. Bakin mahaɗar nan yana da igiyar ƙasa mai ja, ba wurin gwada iya iyo ba ne. A kuma saurari sanarwar madatsa in damina ta yi nauyi, kowa ya tuna yadda sakin ruwan Akosombo a 2023 ya mamaye Mepe da garuruwan da ke ƙasa. Da a Nima ko Madina ta Akra nake zaune, Ada zan riƙa zuwa, sau biyu ma a shekara. Daga Aboabo, kuɗin da zai kai mu bakwai Ada kwana biyu zai kai mu Yeji ya dawo da mu da ragowa, har da kwandon banda na tsaraba.

Wani a majalisa ya kawo zancen farauta, ya ce me zai hana a haɗa biyu tunda dajin Atebubu na kan hanya. Na ce a'a. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba doka ta hana farautar namun daji a Ghana, lokacin haihuwarsu ne, in ban da akrantie, wani babban ɓeran daji, shi ma sai da lasisi daga hukumar kula da namun daji. Gandun Mole da na Digya ba a harbi a cikinsu ko wane wata ne. Bindiga na buƙatar takardarta daga 'yan sanda. Bayan duk wannan, mu 'yan kasuwa ne da direbobi da tela ɗaya, babu maharbi a cikinmu, kuma mutum bakwai da ba su saba ba a cikin ciyawar rani da bindiga abin tsoro ne. Mai sha'awar ganin giwa da idonsa ya je Mole ya bi ma'aikaci a ƙafa, ya biya ta Larabanga ya ga tsohon masallaci. Wannan tafiya ce mai zaman kanta.

Ga yadda muka tsayar. Biyu daga cikinmu, babban yayanmu mai hawan jini da wanda matarsa ta kusa haihuwa, ba za su yi nisa ba, don haka za mu fara kai su Bosomtwe wata Laraba tare da yara, a ci soyayyen kifi a dawo. Mu biyar da muka rage za mu kama hanyar Yeji a makon ƙarshe na Nuwamba, in Allah ya kai mu. Autanmu ya yarda, bisa sharaɗin baɗi a je Ada. An sayi rigunan kariya biyar, suna rataye a shagon tela. Jiya na kira kawu na shaida masa, ya ce zai je ya gaida Efo, ya kuma ce in tuna in taho da wayar ɗaura ƙugiya.